Jar Kaka

Fas, Maroko
14 ga Afrilu

Zuwa ga taubashiyata Nana Hafsat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Kawu Uba da gwiwarsa mai ciwo, da duk mutanen Dogarawa. Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar mura da sanyin safiyar garin nan ya saka mini.

Kin ce ba kya son saƙon murya, wasiƙa kike so wadda za ki karanta wa Kawu bayan la'asar. To ga ta, na rubuta a takarda na ɗauki hotonta, kada ki ce bawanki ya ƙi bin umarni.

Kawu ya tambaya wai ta yaya mutum zai bar Samaru ya tafi wata ƙasa, kuma a ce yana bakin aiki. Ki gaya masa aikin nawa a cikin kwamfuta yake, duk inda na buɗe ta nan ne ofis. Kullum da safe nakan hau saman soron masaukina in duba ruwan da ya sauka a yankin Zariya da hasashen kwanaki masu zuwa. Na'urar kamfaninmu ita ke tsara saƙon da za a tura wa manoma ta waya, amma ba ya fita sai na duba na sake shi. Idan ta ga ruwa ta yi zumuɗi ta ce a yi shuka, ni ne mai ce mata ta dakata. Da azahar na gama, sai in rufe in shiga gari.

Garin kuwa gani ya kori ji. Lungunansu sun fi na cikin birnin Zariya matsi, jiya sai da na manne da bango jaki ya wuce. Na je majemarsu, inda ake ba baƙo ganyen na'ana'a ya toshe hanci. Na ce musu su riƙe abinsu, wanda ya bi ta bayan mahautar Sabon Gari da rana tsaka ba ya buƙatar ganye.

Mako mai zuwa za mu shiga sahara kwana uku a kan raƙuma. Ki faɗi tsarabar da kike so tun kafin in canza ra'ayi.

Taubashinki,
Suhail


Dogarawa, Sabon Gari
18 ga Afrilu

Zuwa ga bawana Suhail,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwar Baba da sauƙi, zafi ne dai ya ishe mu. Yara a makaranta sai gyangyaɗi, ni ma malamar tasu da ƙyar nake riƙe ido.

Na karanta wa Baba wasiƙarka har sau biyu. Da na zo wurin jaki ya yi dariya har da tari. Amma da na kai inda ka ce safe aiki rana yawo, sai ya ce in gaya maka taura biyu ba ta taunuwa. Na ce masa bakin ɗan ƙanwar nan tasa babba ne, zai iya.

Ka san yanzu ya mayar da kai abin alfahari? Duk saƙon da kamfaninku ya turo sai ya ɗauki wayar ya kai majalisarsu ta gindin darbejiya, ya ce wa Baba Toma da sauran tsofaffin, “Ɗan Zubaidatu ne ya rubuto.” Tun rasuwar Gwaggo mahaifiyarka ban ji yana kiran sunanta da fara'a ba sai a kan saƙonnin nan.

Shekaranjiya ya sauko da Jar Kaka, jar masarar nan tamu ta iri, daga inda yake rataye ta a madafa, muka zauna muka ɓare. Duka-duka tiya uku ta yi, don bara ƙwari sun yi mana ɓarna. Yana ɓarewa yana ba ni labarin da na ji sau ɗari, yadda Kaka ta ƙullo irin masarar nan a bakin zanenta daga Giwa ranar da aka kawo ta, kuma babu mai ita a duk yankin nan sai gidanmu. Shi ne ya tuna da zangarniya ukun da ya ba ka shekara biyu da suka wuce, ka kai wa masu binciken iri a Samaru su adana. Ya ce me suka ce?

Tsarabata gyale, mai kyau, ba irin na bara ba.

Uwargijiyarka,
Nana Hafsat


Fas
21 ga Afrilu

Nana Hafsat,

Sallama da gaisuwa. A gurguje nake, motar da za ta kai mu bakin sahara tana jira. Ki gaishe da Kawu, ki ce masa maganar zangarniya ana kanta, aikin bincike ba ya son gaggawa.

An ce can babu sabis, don haka kada ki ji shiru ki ɗauka raƙumi ya gudu da ni. Aiki kuwa na kintsa komai. Afrilu ne, wane ruwa za a yi?

Suhail


Dogarawa
25 ga Afrilu

Suhail,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan raƙumin ya dawo da kai da haƙoranka cikakku.

Albishirinka, an yi ruwa! Ranar Talata da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, kafin mu kwashe shanya ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Sai da kwatar ƙofar gida ta cika. Gari ya yi sanyi, har na yi barcin rana na farko cikin wata guda. Da yamma saƙon kamfaninku ya shigo wayar Baba, cewa ruwan shuka ya samu, manoma su fita. Ya ce in yi maka godiya.

Takardar ta cika, sauran yana shafi na biyu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun da nake ban taɓa ganin Baba ya yi shuka da ruwan farko ba. Kai ma ka sani, sai ya tona ƙasa ya ga laima ta kai kamu guda, sai an yi na biyu da na uku. Amma da ya dawo daga majalisa ranar Talata sai ya ɗauko sungumi ya jingine a zaure. Laraba da sassafe ya tafi gonar Basawa da gwiwar nan tasa, ya shuka Jar Kaka. Duka tiya ukun, Suhail, ko ƙwaya bai rage ba. Na ce Baba a bar ko tiya ɗaya mana, ya ce mai ilmin abin ya yi magana.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ka tabbata ruwan zai ɗore? Ka ba ni amsa da wuri.

Nana Hafsat


Marrakesh
27 ga Afrilu

Uwargijiyata,

Wa alaikumus salam. Na dawo da haƙorana, amma ƙuguna ya rage a kan raƙumi. Duk wanda ya ce miki hawan raƙumi daɗi ne, a hoto ya gani. Sai dai faɗuwar rana a kan tudun yashin nan, Nana Hafsat, ban san da me zan kwatanta miki ba. Kowa ya yi tsit, har Tobi, wani ɗan Ibadan da muka haɗu a mota wanda bakinsa ba ya hutawa.

Na ga wasiƙarki, barka da ruwa. Hoton shafi na biyu ya ƙi buɗewa, sabis ɗin masaukin nan sai a hankali, amma na san ƙorafin gyale ne. Na saya, shuɗi.

Game da saƙon ranar Talata, ki ce wa Kawu ya yi watsi da shi, na'ura ce ta yi kuskure. Jiya na tura gyara ga kowa cewa a dakata, don hasashe ya nuna za a yi kusan mako uku babu ruwa. Raina ya ɗan ɓaci, amma na kwantar da hankalina da na tuna irin su Kawu ba waya ke gaya musu ranar shuka ba. Mutumin da ke shinshina ƙasa ya faɗi abin da sama za ta yi, ai ko ni na je da kaina na ce ya fita, korata zai yi.

Gobe zan je wata tsohuwar makaranta mai ado a bango. Zan turo hotuna.

Bawanki,
Suhail


Dogarawa
4 ga Mayu

Suhail,

Sallama. Lafiyar jiki muna da ita.

Ka nemi inda sabis yake ka buɗe shafi na biyu. Na jira mako guda ko za ka buɗe da kanka, sai hotunan bango da na tulin kayan yaji nake ta gani. Na sake turo maka shi yanzu.

Ban karanta wa Baba wasiƙarka ta ƙarshe ba. Ta yaya zan buɗe baki in karanta masa cewa irinsa ba ya bin waya? Na ce masa kana gaisuwa, ya ce yana amsawa.

Masara ta tsiro, kuma wallahi ta yi kyau, layi-layi kamar an ja da zare. Yau kwana goma sha ɗaya ko ɗigo babu. Ganyen ya fara naɗewa tun hantsi. Baba ya samo jarka biyu yana ɗebo ruwa daga rafi a kan keke, yana bi gindi-gindi da gwangwani. Gona guda, da gwangwani! Jiya Baba Toma ya bar aikinsa ya taya shi, suka yi layi shida rana ta kore su. Da daddare sai na gasa masa gwiwa da ruwan zafi kafin ya iya miƙe ta.

Saƙonku na gyara ya iso, kwana biyu bayan iri ya shiga ƙasa. Ya sa na karanta masa, ya ce to, ya mayar da wayar aljihu. Tun ranar bai koma majalisa ba.

Ka ce na'ura ce ta yi kuskure. Amma ni na koma na duba wasiƙarka ta farko, da hannunka ka rubuta cewa saƙo ba ya fita sai ka sake shi. Ni malamar firamare ce, ban san kwamfuta ba, amma na san yaron da ya ce akuya ce ta cinye masa aikin gida. Ka gaya mini gaskiya.

Ka riƙe gyalenka.

Nana Hafsat


Marrakesh
5 ga Mayu

Nana Hafsat,

Wa alaikumus salam. Na buɗe. Na karanta sau uku a tsaye a bakin titi, har mai keken doki ya daka mini tsawa.

Ba na'ura ba ce, ni ne. Akwai wani maɓalli da ke ba ta dama ta riƙa sakin saƙo da kanta ba tare da an duba ba. An hana mu taɓa shi idan damina ta matso. Daren da za mu tafi sahara na danna shi. Abin da ya kamata shi ne in gaya wa shugabarmu, Madam Lovelyn, cewa zan yi kwana uku babu sabis, ta ba wani ya riƙe mini. Ban gaya mata ba, saboda da zan taho na yi mata alkawarin ko kwana ɗaya aiki ba zai san na yi tafiya ba, kuma ina jin kunyar ta ce ai ga shi. Na ce a raina Afrilu ne. Lokacin da ruwa ke sauka a Dogarawa ina kan tudun yashi ina gyara rawani don hoto.

Da na dawo na ga abin da ya faru, na bi sunayen manoma na kira waɗanda na iya. Kusan duk sun yi dariya suka ce wa zai yi shuka yanzu. Lambar Kawu tana cikin jerin, na tsallake ta. Na ce wa kaina ba ya buƙata, amma gaskiyar ita ce ba na son ya ji muryata ina cewa na yi kuskure.

Yau na rubuta wa Madam Lovelyn duk abin da na gaya miki. Abin da za ta yanke ta yanke, ba shi ne ya dame ni ba. Tun safe nake duba hasashe kamar dubawar za ta jawo hadari. Babu komai sai bayan ashirin ga wata.

Wannan ki karanta masa, don Allah, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Ni ba ni da fuskar kiransa.

Suhail


Kasabalanka
12 ga Mayu

Nana Hafsat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da gwiwar Kawu. Mako guda ke nan ban ji daga gare ki ba, alhali ina ganin alamar kin buɗe. Ban ga laifinki ba.

Ban ƙara zuwa kallon komai ba. Ina zaune a ɗaki, masu masauki har sun tambaya ko ba ni da lafiya. An kawo mini gasasshiyar masara daga bakin teku shekaranjiya, na kasa kai ta baki. Na sauya tikiti, jirgin da na samu na ranar goma sha tara ne, ta Legas.

Akwai sauran abu guda, tunda na fara gara in ƙarasa. Zangarniya ukun da Kawu ya ba ni ban kai wa kowa ba. Ranar da ya ba ni na ce gobe, goben ta zama shekara biyu, alhali tsakanin ɗakina da wurin masu binciken ko kuɗin acaɓa ba sai na biya ba. Da kika tambaya na ce ana kan aiki, ƙarya na yi. Suna ɗakina a Hayin Dogo, cikin gwangwanin madara babba a saman kwaba, yadda ya ba ni su da tokarsu. Ban san ko ƙwari sun bar wani abu ba, ban kuma san ko irin da ya shekara biyu zai tsiro ba. Makulli yana wurin Maman Kevin mai gidan, na gaya mata za ki zo.

Na rasa ko in yi murna da wannan ko in ƙara jin kunya. Ki je ki duba, ko ba za ki ba ni amsa ba.

Suhail


Dogarawa
17 ga Mayu

Zuwa ga ɗana Suhailu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ne kawunka Uba nake magana, Nana Hafsatu tana rubutawa, kuma na ce ta rubuta yadda na faɗa ba gyara. Muna lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi tunda na daina jidar ruwa.

Gona ta ƙone, ba sai na ɓoye maka ba. Layi shidan da muka yi ta bi ni da Toma su ma sun bi sauran ranar Juma'ar da ta wuce. Na tsaya na dube ta, na yi inna lillahi, na dawo gida.

An karanta mini takardunka duka, har da wadda yarinyar nan ta ɓoye. Ka yi laifi biyu, ka bar amanar da aka ba ka ka tafi kallon yashi, sannan ka ɗora wa ƙarfe. Na biyun ya fi yi mini ciwo. Amma ka faɗa da bakinka, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Yanzu ka ji nawa, don kada ka ɗauki kayan da ba naka ba ne kai kaɗai. Ka ce irina ba ya bin waya, kuma gaskiyarka. Ranar Talatar nan na tona ƙasa a bayan gida, laima ko rabin kamu ba ta kai ba. Na san ba ruwan shuka ba ne tun kafin saƙonka ya shigo. Da na je majalisa na tarar ana ta dariya, kowa da wayarsa a hannu. Wani ya ce yaran yanzu daga ƙarƙashin fanka suke noma. Wani ya ce, “Malam Uba, ba ɗan ƙanwarka ba ne? To fita ka shuka mana mu gani.” Ni kuma na shekara biyu ina cika musu baki da kai. Sai zuciya ta ɗebe ni, na ce a raina ɗan Zubaidatu ba zai yi magana a gari a rasa wanda ya gaskata shi ba. Na ce wataƙila ka hango abin da hancina bai jiyo ba. Da na rage ko tiya ɗaya, da sun ce ni ma ban yarda da kai ba, shi ya sa na juye duka. Shekarata sittin da takwas, na san abin da ƙasa ta gaya mini na take. Wannan girman kaina ne, ba naka ba.

Nana Hafsatu ta je Hayin Dogo ta ɗauko gwangwanin. Zangarniya ɗaya ƙwari sun mayar da ita gari. Biyu suna nan, tokar ta yi aikinta. Na ɓare ƙwaya ashirin na shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu a bayan randa. Yau da safe na ɗaga, bakwai sun fasa. Na kira yarinyar nan ta ƙirga da idonta, don nawa ba su da tabbas kuma a lokacin sun cika da ruwa.

Abin da ya rage bai cika tafin hannu biyu ba. Ba zai yi gona ba, zai yi fili kamar tabarma huɗu a bayan gida inda zan riƙa ganinsa. Idan Allah ya raya, bana ba za mu ci ko ɗaya ba, duka iri ne. Ban taɓa zaton zan gode wa Allah a kan aiken da aka ƙi kai mini ba, amma kada ka ɗauka wannan ya zama lada.

Ba zan shuka ba sai ka zo. Ko an yi ruwa kafin ka iso zan jira. Kada ka turo mini saƙo, na ba yarinyar nan wayar ta ajiye. Ka sauka ka zo Dogarawa, ka durƙusa ka tona ƙasar da hannunka, ka gaya mini ko ta yi. Idan ka ce ta yi, ni zan sara, kai ka zuba.

Kawunka,
Uba

Baba ya tashi ya tafi alwala, wannan ni ce. Ban huce ba tukuna. Amma ka taho da gyalen, kuma ka zo da takalmin da ba ka tausayi.